Kwalejin shekara biyu a Amurka: hanyar sauƙi ce ko ɓata lokaci?

Alhaji Tanko:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan karatun ƙasar nan. Ɗiyata za ta gama sakandare a watan Yuni. Wata jami'a mai zaman kanta a wata jiha ta ɗauke ta, amma ko bayan rangwamen da suka yi mata, abin da ya rage a kaina ya fi ƙarfin aljihun direban tasi. Ita yarinyar ta ce gara ta fara da ɗaya daga cikin kwalejojin shekara biyun nan na CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin Niyok, tunda a Bronx muke, in ta gama sai ta wuce jami'a. Ni kuma abin da nake ji a gari shi ne na waɗanda suka kasa ne, wai ba a hana kowa shiga. To makarantar da ba ta ƙin kowa, wane irin karatu ake yi a cikinta? Ba na so in bi arha in cuci yarinya.

Malam Nura:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni lissafi nake koyarwa a irin waɗannan kwalejoji a nan Houston, don haka ku ɗauki maganata da sanin cewa mai kaya ne ke yabon kayansa.

Gaskiya ne ba sa ƙin kowa. Duk mai takardar gama sakandare ko madadinta da ake kira GED za a ɗauke shi, ba a tambayar SAT, jarrabawar neman shiga jami'a. Amma sauƙin a bakin ƙofa ya tsaya. Kalkulas ɗin da nake koyarwa, babi-babinsa ɗaya da na babbar jami'ar jiha. Bambancin kawai, a can ɗalibin shekarar farko yakan zauna cikin ɗaruruwa a zaure ɗaya, malami bai san fuskarsa ba, ni kuwa ajina da wuya ya wuce mutum 30, kafin mako na uku na san wanda ya fara laɓewa a kujerar baya.

Ga yadda tsarin yake. Digirin jami'a a nan yawanci kiredit 120 ne a shekara huɗu (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi). Rabin farko kusan duk darussan gama-gari ne: rubutun Turanci, lissafi, tarihi, kimiyya da sauransu. Kwalejin shekara biyu wannan rabin take bayarwa, kiredit 60, sai ta ba ka ƙaramin digiri da ake kira asoshiyet. Akwai AA da AS, su ne na mai niyyar wucewa jami'a. Akwai kuma AAS, shi na kama aiki ne kai tsaye, irin su walda, gyaran na'urar sanyaya ɗaki, aikin wutar lantarki, kula da haƙora. Ku riƙe wannan bambancin, Alhaji, don a nan mutane da yawa ke faɗawa rami.

Kuma ba jiya aka fara abin ba. Ta farko mallakar gwamnati da har yanzu take aiki ita ce Joliet Junior College a jihar Illinois, an buɗe ta a 1901 da ɗalibi shida. Shugaban Jami'ar Shikago na lokacin, William Rainey Harper, shi da shugaban sakandaren garin, J. Stanley Brown, suka kitsa ta. Harper ma ba tausayin talaka kaɗai ya sa shi ba, so yake a sauke wa jami'a nauyin shekara biyun farko ta mai da hankali kan bincike. Bayan yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo da kuɗin karatu a hannu saboda dokar 1944, kwamitin da Shugaba Truman ya kafa ya fitar da rahoto a 1947 yana cewa a samar da kwaleji kusa da kowa. A shekarun 1960 kusan kowane mako sai an buɗe sabuwa. Yau sun kai kusan 1,000.

Ɗan Ladi:
Malam an tambaye ka hanyar kasuwa ka fara daga ranar da aka kafa garin 😂

Malam Nura:
Ɗan Ladi, hali zanen dutse. Malami in bai yi shimfiɗa ba ai barci ba ya ɗaukarsa.

Injiniya Kabiru:
Alhaji, da girmamawa ga Malam, arha ba ta ado. Ta wannan hanyar na bi, don haka ba ji na yi ba.

Cibiyar binciken waɗannan kwalejoji da ke Jami'ar Columbia ta sha fitar da alƙaluman. Cikin duk mutum 10 da ke shiga, kusan 8 suna cewa digirin jami'a suke nufi. Waɗanda ke samun wucewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Waɗanda ke riƙe da digirin a hannu bayan shekara shida, wajen kashi 16 cikin 100. Sannan hukumar GAO mai bin diddigin ayyukan gwamnatin tarayya ta ƙiyasta a rahotonta na 2017 cewa ɗaliban da suka canja makaranta sun yi asarar kusan kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Wato ka biya, ka zauna a aji, ka ci jarrabawa, sabuwar makaranta ta ce ba ta san zancen ba.

Ni abin da ya same ni ke nan. Na gaya wa mai ba da shawara na kwalejin tun ranar farko cewa injiniya nake so in karanta. Ta duba kwamfuta, ta sa ni a fiziks. Sai da na isa jami'a aka ce min fiziks iri biyu ne, akwai mai tafiya da aljabara, akwai mai tafiya da kalkulas, kuma na biyun sashen injiniya ke karɓa. Nawa suka karɓe shi a matsayin darasin zaɓi, wato yana nan a takarda amma bai rage min komai ba. Tunda kuma darussan injiniya sarƙa ce, sai ka gama wannan za ka taɓa wancan, shekara guda cur ta tafi. Ban ma ga laifin matar sosai ba, layin da ke ƙofar ofishinta ranar ya kai har bakin matakala, minti goma ta ba ni.

Malam Nura:
Injiniya, alƙalumanka daidai ne, ban musa ba. Amma wa aka ƙirga a ciki? Kusan kashi biyu cikin uku na ɗalibanmu ba cikakken lokaci suke karatu ba. Matsakaicin shekarunsu ya kai wajen 27. Akwai mai aikin dare a sito yana ɗaukar darasi ɗaya a zango, akwai uwa mai yara uku, akwai wanda ya bar aji shekara 15 da suka wuce. In ka zuba su kwando ɗaya da yarinya 'yar shekara 18 da makinta ya kai jami'a mai zaman kanta ta ɗauke ta, ba ka yi wa lissafin adalci ba.

Injiniya Kabiru:
To ai a cikinsu za ta zauna, Malam. Mutum da abokan tafiyarsa yake sauri ko ya yi nawa.

Anti Bilki:
Kabiru ƙanena, wannan maganar taka ta ƙarshe ce ta fito da ni. Waɗannan mutanen da kake gani kamar za su ja ta baya, ni su suka ja ni gaba.

A Maryland na yi karatun jinya a kwalejin shekara biyu, na zauna jarrabawar lasisin jinya ta NCLEX, ita ce dai wadda masu digirin shekara huɗu ke zaunawa, lasisin ma iri ɗaya. Daga baya ina aiki asibitin ya taimaka min da kuɗi na ƙarasa digirin ta intanet.

Ajinmu na ilimin sassan jiki da yamma ake yin sa. Ƙarfe shida saura za ka ga mutane suna shigowa da kayan aikinsu a jiki, wannan da rigar gadi, wancan da takalmin gini duk siminti, wata da bajon kantin magani ba ta ma tuna ta cire ba. A teburinmu akwai wata kaka 'yar Haiti da ke rubuta sunayen ƙasusuwa a ƙananan katuna ta ɗaure da roba, tana haddacewa a cikin bas. Akwai wani tsohon soja da ba ya barin kowa ya tafi gida sai ya tambaye mu jijiyoyin kai guda 12 ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan ba wasa ya kawo su ba, kowane darasi daga aljihunsu ya fita. Yaran da na ga sun watsar da karatu yawanci ƙanana ne da suka ɗauka sakandare ce aka ƙara wa shekara biyu.

Amma Alhaji, kada a yaudare ku da zancen ba a ƙin kowa. Kwalejin ce ba ta ƙin kowa, sashen jinya kuwa yana ƙi, sosai ma. Sai ka gama darussan share fage da maki mai kyau, ka zauna jarrabawar shiga, sannan a zaɓi kaɗan. Haka sashen ɗaukar hoton asibiti da na kula da haƙora. Shi ya sa shekara biyun jinya a aikace uku ce ga yawancin mutane.

Hajiya Asabe:
Ni dai abin da ya burge ni ɗaya ne, yarinya tana kwana a ɗakin uwarta. Waɗannan ɗakunan kwanan jami'o'in da muke jin labarinsu, Allah ya tsare mana zuri'a. Alhaji ka gode wa Allah da ita da kanta ta zaɓi zama gida.

Sadiya:
Hajiya ina wuni. Ku yi haƙuri in ɗan saka baki, tunda yanzu haka a cikin irin wannan kwalejin nake a Kalifoniya, kuma a gida nake zaune.

Zaman gida yana da daɗi, amma yana da tasa matsalar da iyaye ba sa gani. In ka dawo ƙarfe ɗaya na rana, kowa a gidan ya ɗauka ka tashi daga makaranta ke nan. Sai a ce ɗauko ƙannenki, kai Baba asibiti ki yi masa tafinta, ɗora tukunya. Alhali malamai suna cewa duk awa ɗaya a aji tana son awa biyu ta karatu a waje. Mai kiredit 15 aikin cikakken ma'aikaci ne a kanta. Ni sai da na zauna da Mama na nuna mata jadawalin kafin aka daina aikena ranar Talata da Alhamis.

Game da rayuwar harabar kuma, duk wanda ya zo da hoton jami'ar da yake gani a talabijin zai sha mamaki. Yawancin kwalejojin ba su da ɗakin kwana, kowa daga gida yake zuwa. Da safe yaƙin neman wurin ajiye mota ake yi, har ka ga mota tana bin mai tafiya a ƙasa a hankali don ta gaji wurinsa. Kafin ƙarfe uku wurin ya yi tsit, sai kuma shida 'yan dare su cika shi. Ranar Juma'a kamar an yi shara. Zangona na farko ban yi ƙawa ko ɗaya ba, daga aji sai mota, a motar ma nake cin abincin rana.

Abin da ya canja min shi ne ɗakin taimakon lissafi. Kyauta ne, ɗalibai ne ke koya wa 'yan uwansu, akwai dogayen tebura da farin allo. A nan na gane fuskoki. Daga nan wata 'yar Afganistan ta ja ni ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Ba mu da yawa, amma mun samu an ba mu wani ƙaramin ɗaki kusa da laburare, mun ajiye darduma a kwali, da azumi kuma majalisar ɗalibai ta ba mu kuɗin buɗa-baki. Akwai jaridar ɗalibai, akwai ƙungiyar masu haɗa mutum-mutumi, akwai wasanni. Komai yana nan, sai dai ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa, don ba ka da ƙofa a wurin.

Akwai ma rumbun abinci a bayan ofishin ɗalibai, ka nuna katinka ka ɗauki shinkafa da taliya da madara, ba a tambayarka komai. Ranar da na fara ganin layinsa na gane su waye abokan karatuna.

Hajiya Asabe:
To 'yar nan, na ji. Amma taimakon uwa ai ba ya hana albarkar karatu.

Sadiya:
Haka ne Hajiya, ba ƙi muke ba. A dai bar mana makon jarrabawa 🙏

Musbahu:
Salam. Ni ba a Amurka nake ba tukuna, amma ina bin zancen da kyau. Wannan kamar kwalejin kimiyya da fasaha ce da ake yin difloma kafin babbar difloma? Kuma ɗan ƙasar waje zai iya samun wannan arhar? Na ga an rubuta dala 46 a wani wuri.

Kawu Isa:
Musbahu, kamar ta ɗan yi kama, amma ba ɗaya ba ne. A nan in ka wuce jami'a ka gama, digirin jami'ar za a ba ka, sak irin na wanda ya fara a can tun shekarar farko, ba a rubuta ta inda ka biyo a jikinsa.

Dala 46 ɗin da ka gani gaskiya ce, kuɗin kiredit ɗaya ne a kwalejojin Kalifoniya, su 116. Amma na mazaunin jihar ne. Kai da za ka zo da bizar ɗalibi za a caje ka ɗaruruwan daloli a kan kowane kiredit. Dalili kuwa harajin mutanen jihar da na gundumar ke riƙe da makarantar, shi ya sa wasu jihohin farashi uku gare su: na ɗan gunduma, na ɗan jiha, na baƙo. Matsakaicin abin da ɗan gunduma ke biya a faɗin ƙasar wajen dala 4,000 ne a shekara. Baƙo ya shirya ninki biyu ko uku, ban da haya da abinci da inshorar lafiya.

Sauran sharuɗɗan ka rubuta su. Makaranta ba za ta ba ka takardar I-20 ba, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, sai ka nuna kuɗin shekara guda a banki. Akwai dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban ƙasashen waje ta gwamnati, da kuɗin neman biza. In ka shigo, dole ka riƙe aƙalla kiredit 12 kowane zango. Aiki a cikin harabar kawai, kada ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu, kuma guraben kaɗan ne. Tallafin gwamnatin tarayya irin su Pell ba naka ba ne, na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin. In ka gama kana da damar aikin shekara ɗaya a fannin da ka karanta, wanda ake kira OPT.

Sannan jami'in biza yana aiki da sashe na 214(b), wato kai ne za ka gamsar da shi cewa za ka koma gida. In ya tambaye ka me ya sa kwalejin shekara biyu, ka kasa faɗin jami'ar da kake nufi da fannin da za ka karanta, ka sauƙaƙa masa aiki. Dokokin shigowa kuma suna ta sauyawa a 'yan shekarun nan, kafin ka biya kowa ko sisi ka karanta shafin ofishin jakadancin da idonka.

Musbahu:
Na gode Kawu. Ashe zancen ba kamar yadda dillalai ke faɗa ba ne.

Kawu Isa:
Dillalin me? Fom ɗin yana shafin makarantar, da kanka za ka cike.

Ɗan Ladi:
Ni fa ku daina raina makarantar nan. Tom Hanks a Chabot College ya fara. Jackie Robinson a Pasadena. Jimmy Butler na ƙwallon kwando sai da ya yi Tyler Junior College kafin Jami'ar Marquette ta ɗauke shi. Eileen Collins, mace ta farko da ta jagoranci kumbon Amurka, daga kwalejin Corning ta fito. Uwargidan Biden ma lokacin da take Fadar White House ta riƙa zuwa koyar da Turanci a ta Arewacin Virginia. In matar shugaban ƙasa za ta riƙe alli a wurin, wane ne Ɗan Ladi.

Injiniya Kabiru:
Ɗan Ladi, mutum biyar ka lissafa cikin miliyoyi. Waɗanda suka bari a zango na biyu ba wanda ya san sunansu.

Bari in tambayi Malam Nura abu ɗaya, ya amsa tsakani da Allah. Malam, ofis gare ka a makarantar?

Malam Nura:
Ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Babu. Ni malamin wucin gadi ne, kuma irinmu mu ne mafi yawa a waɗannan kwalejoji. Kowane darasi ake biyan mu, zango-zango ake sabunta mana. A haraba biyu nake koyarwa, ofishina but ɗin motata ne, a nan takardun jarrabawa suke kwana. Ɗalibi in yana son ganina sai mu tsaya a baranda bayan aji, ina duba agogo don kada cunkoson hanya ya rufe ni. Wannan yana cutar ɗalibai, ba zan ɓoye ba, musamman ranar da yaro ke neman wanda zai rubuta masa takardar shaida, ya tarar malamin bara ya bar wurin.

Wani ramin kuma shi ne darussan cike giɓi. Da, jarrabawar tantancewa za a ba ka ranar rajista, in ba ka yi kyau ba a tura ka lissafin da ba shi da kiredit, zango biyu ko uku kana biya ba ka tara komai. Mutane da yawa a nan suke karaya. Kalifoniya ta yi doka a 2017, AB 705, ta sa a riƙa duba makin sakandare a sa ɗalibi kai tsaye a darasi mai kiredit tare da ƙarin taimako, jihohi da dama ma sun bi wannan hanyar. Duk da haka duk wanda aka ce zai zauna irin wannan jarrabawar, ya yi bita kafin ya je, kada ya shiga da ka.

Amma Injiniya, rashin ofis bai hana ni sanin sunan kowane ɗalibina ba.

Sadiya:
Yaya Kabiru, abin da ya same ka da fiziks yanzu akwai maganinsa in mutum ya san inda zai duba. Mu a nan akwai shafin ASSIST, ka zaɓi kwalejinka, ka zaɓi jami'a da fanni, ya jera maka darasi da darasi wanda za a karɓa. Akwai digirin da aka tsara musamman don wucewa tun dokar 2010, in ka gama shi da makin da ake so an lamunce maka gurbi a tsarin jami'o'in jihar da ake kira CSU, ko da ba harabar da ka fi so ba ce. Shida daga cikin jami'o'in UC, wato rassan Jami'ar Kalifoniya, su ma suna da yarjejeniyar lamuni: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Berkeley da UCLA da San Diego ba sa ciki, sai dai ka nema kamar kowa. Ni tun zangon farko na buga jerin darussan na manna a bango, duk wanda na gama in soke shi. Mai ba da shawara in ya ce ɗauki kaza, sai na duba takardata tukuna.

In makinka ya yi kyau kuma za a gayyace ka Phi Theta Kappa, ƙungiyar zaƙaƙuran ɗaliban kwalejojin ce tun 1918, jami'o'i da yawa suna da tallafi na musamman ga 'ya'yanta. Gidauniyar Jack Kent Cooke tana ba masu wucewa har dala 55,000 a shekara, sai dai gasar ba sauƙi.

Injiniya Kabiru:
Ƙanwata, kin ga ai kin ƙarfafa maganata. Ke kin san ASSIST, kin san lamuni, kin buga takarda. Yaro nawa ne iyayensu ba su taɓa shiga aji a ƙasar nan ba za su san wannan a makon farko? Fulorida ta gane haka tun 1971 ta kafa tsarin cewa mai AA daga kwalejinta yana da gurbi a jami'ar jihar, lambobin darussansu ma iri ɗaya ne. Amma ka tsallaka wata jihar, ko ka nufi jami'a mai zaman kanta, sai abin da suka ga dama.

Kuma Alhaji, ga abin da ba wanda ya faɗa tun ɗazu. Kuna magana kamar zaɓi biyu ne kawai, jami'a mai tsada ko kwalejin shekara biyu. A Niyok kuke fa. Kwalejin shekara biyu ta CUNY dala 4,800 ce a shekara ga mazaunin birni. Masu shekara huɗu na CUNY ɗin, irin su Lehman da ke nan Bronx, da City College da Hunter, dala 6,930. Tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. In ta cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati, Pell kaɗai yana iya kaiwa dala 7,395 ga mai ƙaramin ƙarfi, ga kuma tallafin TAP na jiha. Yarinyar da makinta ya kai haka, me zai sa ta yi tsalle biyu inda ɗaya ya isa?

Malam Nura:
Wannan kam ka kama ni. A Tekzas tazarar tana da faɗi, shi ya sa hankalina bai je can ba. Sai dai zan ƙara abu ɗaya a ɗaya gefen sikelin. CUNY na da shirin ASAP tun 2007 a kwalejojinta na shekara biyu: ka yi karatu cikakken lokaci, su ba ka kuɗin jirgin ƙasa da bas, su taimaka da littattafai, su cike giɓin kuɗin makaranta, su haɗa ka da mai ba da shawara da dole ka riƙa ganinsa. Da aka gwada shi ta hanyar ƙuri'a, kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun gama cikin shekara uku, waɗanda ba sa ciki kashi 22. Mutane iri ɗaya, makaranta ɗaya. Kuma tun 2013 darussan gama-gari suna bin ɗalibi daga wata kwalejin CUNY zuwa wata. In za ta shiga ta shekara biyun, ta shiga ta wannan ƙofar.

Alhaji Tanko:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Wallahi ban san Lehman ɗin ma kuɗinta haka yake ba, kullum ina wuce ta da fasinja. Zan zauna da yarinyar da uwarta mu nemi duka biyun, mu ga takardar tallafin da kowacce za ta turo. Sadiya, zancen aike ma na ji, zan isar.

Anti Bilki:
Alhaji in za ku je ganin wurin, ku leƙa Bronx Community College ko don ginin. Tsohuwar harabar jami'ar NYU ce a kan tudu, laburaren nan mai ƙubba Stanford White ne ya zana shi. Ba duka ne suke kama da ofishin lasisin mota ba 😄

Maman Hanifa:
Ku yi haƙuri na zo a makare. Anti Bilki, ni tawa tambayar daban ce. Shekarata 38, yara biyu, ƙaramin bai shiga makaranta ba, kuma takardar sakandarena ta gida ce. Jinyar nan nake sha'awa tun tuni. Ba a makara ba?

Anti Bilki:
Maman Hanifa, a ajinmu da ke ce ƙarama a teburin. Ki fara da ofishin ɗaukar ɗalibai ki tambaye su yadda suke karɓar takardar waje, wasu da kansu suke dubawa, wasu sai sun tura ki kamfanin tantancewa. Ki tambaya ko suna da wurin renon yara a harabar, wasu suna da shi da rahusa ga ɗalibai, amma layin jira gare shi, don haka ki sa suna tun kafin ki yi rajistar darasi. Kada ki ɗauki ilimin sassan jiki da kemistiri a zango ɗaya kina da goyo, makin waɗannan biyun shi sashen jinya zai fi dubawa, kuma wasu wuraren suna ƙirga sau nawa aka maimaita. Ki fara da Turanci da lissafi ki ga yadda gidan zai ɗauka. Wace jiha kike? In Maryland ce ki min magana ta gefe, littattafaina na share fage suna nan a kwali.